Winka yanzu ko fituniya a Oktoba: wanne ya dace da tsakar gidan da rana ta ƙone?

Hajiya, kin ce zafin Yuli da Agusta ya ƙone furannin tsakar gidanki a Riyad, kin leƙa mashtal, wato wurin sayar da dashe, kin tarar da furen winka (vinca) da rijla mai fure (portulaca), wasu kuma sun ce ki yi haƙuri sai furen fituniya (petunia) da na katifa (marigold) sun fito. Duka rukunin biyu suna da amfani, amma ba lokacinsu ɗaya ba, kuma kuɗin da ake asara yawanci a wurin gaggawar sayen fituniya ake yin ta.

Winka da rijla furannin zafi ne. Larabawa kan ce da zarar tauraron Suhail ya fito, wajen 24 ga Agusta, dare zai fara sauƙi, amma ranar Riyad takan ci gaba da kai digiri 40 har cikin Satumba. Waɗannan biyun suna jure hakan, kuma idan kin sayo dashe mai ƙullin fure, cikin mako guda gidan zai canja kama. A bar tazarar santimita 20 zuwa 25 tsakanin winka, rijla kuma 15 zuwa 20. A dasa bayan la'asar, a shayar nan take, a ɗora ragar inuwa mai kare rabin rana na kwana bakwai zuwa goma.

Abin da ke kashe winka shi ne yawan ruwa. Za ki ga ganyenta ya nannaɗe da tsakar rana, tausayi ya sa ki ƙara mata ruwa, alhali dabararta ce ta rage zufa, da yamma za ta buɗe da kanta. Idan ƙasa ta zauna a jiƙe cikin zafi, gindin kan yi baƙi ya yi laushi, reshe ɗaya ya kwanta, washegari duka tsiron ya bi. Wannan ruɓewar ba ta da magani, sai a tuge a zubar har da ƙasar da ke jikinsa. Saboda haka ki tura yatsa cikin ƙasa, idan gaɓar farko ta fito a bushe sannan ki shayar, da sassafe, a gindi, ban da ganye. Rijla ta ma fi ta ƙin ruwa, sai dai furenta da safe yake buɗewa ya rufe kafin yamma. Mai zaman tsakar gida bayan magariba ba zai more ta ba.

Rauninsu shi ne sanyi. A Disamba da Janairu daren Riyad kan sauka ƙasa da digiri 10, winka ta yi rawaya ta daina fure, rijla ta lalace. Kenan idan an dasa su a Satumba, wata uku za su yi miki hidima.

Fituniya akasin haka take. Idan aka dasa ta yanzu da zafin bai sauka ba, kararta kan miƙe siriri, furen ya yi yaushi, jan gizo-gizon nan mai kamar ƙura ya cika bayan ganye. A jira tsakiyar Oktoba, lokacin da zafin rana ya sauko wajen digiri 35 dare kuma ya yi sanyi, za ta yi fure har Maris ko Afrilu. Dashenta za a saya, don irinta ƙanana ne ƙwarai kuma sai ya yi mako 10 zuwa 12 kafin fure. Katifa kuwa ba ta da wahala: a shuka irinta cikin tire a inuwa a tsakiyar Satumba, takan tsiro cikin mako guda, ta yi fure kafin wata biyu.

Ko wanne kika zaɓa, kada a dasa a tsohuwar ƙasa yadda take. Wannan farin ɓawon da ke bakin tukunya gishiri ne da ruwan famfo ya bari bayan rana ta shanye shi. A kankare saman ƙasar kamar santimita 3, a kwarara ruwa har ya fita ta ƙasan tukunyar sau biyu, sannan a gauraya kashi biyu na ƙasa da kashi ɗaya na bitmos (peat moss, ruɓaɓɓen gansakuka da ake sayarwa don dashe) ko takin da ya ruɓe sosai. Ɗanyen takin dabba yana ƙone saiwa. Takin zamani mai lambar 20-20-20 a jikinsa sai bayan mako biyu da dasawa, giram 1 a kowace litar ruwa. Idan sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa suna kore, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, akwai garinsa a mashtal.

A ganina kada ki cika gidan da winka. Ki sa ta a tukwanen bakin ƙofa da inda ido ke fara sauka, sauran filin a wanke masa gishiri a bar shi ya huta har Oktoba. 'Yan uwanmu na Jidda da Makka lissafinsu daban ne: sanyinsu bai kai ya taɓa winka ba, za ta iya shekara tana fure, fituniya kuma gara su jinkirta ta zuwa Nuwamba.