Train to Busan ko World War Z: wanne za ka fara?

Ɗan'uwa, ka ce ba ka taɓa kallon fim ɗin zombi ba, wato matattun da ke tashi suna cizon mutane, wanda suka ciza shi ma ya rikiɗe ya zama irinsu, kuma an ba ka sunaye biyu, Train to Busan da World War Z, kana so ka san wanne ya fi. Duka na kalla, na Busan ɗin ma sau uku, to ka ga tun yanzu inda na karkata.

Abin da ya haɗa su shi ne matattunsu gudu suke yi. Da can ba haka ba ne. A Night of the Living Dead na George Romero, fim ɗin 1968 da ya kafa wannan salo, gawarwakin jan ƙafa suke, yawansu ne kawai ke cin mutum. Bayan 28 Days Later na 2002 ne gudun ya zama yayi.

World War Z ya fito a 2013, Brad Pitt ne jarumin, a matsayin Gerry Lane, tsohon jami'in bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka tura ya gano tushen annobar. Daga Amurka ya nufi Koriya ta Kudu, ya wuce Birnin Ƙudus, ya ƙare a wani ɗakin binciken Hukumar Lafiya ta Duniya a Wales. An zuba kuɗi, kuma ido na gani. A Ƙudus an kewaye gari da doguwar katanga, mutanen ciki suka kaure da waƙa a lasifika, ƙarar ta jawo matattun, suka dinga hawa kan juna kamar tururuwa har suka tsallako. Wannan wurin kaɗai ya isa a kalli fim ɗin. Akwai kuma inda jini ya shiga bakin Gerry, ya ruga bakin rufin bene ya tsaya yana ƙirga daƙiƙa 12, don in ya fara rikiɗa ya faɗa ƙasa kafin ya taɓa iyalinsa. Matsalata da shi ɗaya ce: dubban mutane na mutuwa, amma ban san sunan kowa ba, kuma raina bai taɓa raya mini cewa Brad Pitt zai mutu ba.

Train to Busan kuwa, na darakta Yeon Sang-ho, 2016, kusan duk labarin cikin jirgin ƙasa ɗaya yake, daga birnin Seoul zuwa birnin Busan a Koriya ta Kudu. Gong Yoo ya fito a matsayin uba mai son kansa wanda aiki ya raba da 'yarsa, zai kai ta wurin mahaifiyarta ranar zagayowar haihuwarta. Wata yarinya da aka ciza ta faɗo jirgin ana dab da rufe ƙofa. Shi ke nan. Babu bindiga, babu wurin gudu, sai tarago bayan tarago da ƙofofin gilashi. Dole fasinjoji su yi dabara: sun lura matattun sai sun gan ka suke haukacewa, sai wata mai juna biyu ta watsa ruwa a gilashin ta manna jaridu. In jirgi ya shiga ramin dutse duhu ya rufe, sai a lallaɓa ta saman ma'ajin kaya, kowa ya riƙe numfashi.

Amma ba cizon ne ya tsaya mini a rai ba. Tun farko uban nan ya rufe wa wani mutum da matarsa mai ciki ƙofa, ya kuma ja kunnen 'yarsa da ta bar wa wata tsohuwa kujera, wai a irin wannan lokaci kowa ta kansa yake yi. Can gaba, bayan ya ratsa taragai ya ceto 'yar tasa, sai ya tarar shi ma an ɗaure masa ƙofa, wani babban ɗan kasuwa yana zuga sauran fasinjoji kada su buɗe. Wannan mutumin na fi tsana fiye da duk gawarwakin jirgin. Ma Dong-seok kuma, mijin mai cikin, ƙato mai barkwanci da ya naɗe hannu da salatef yana naushi, shi za ka fi so, kuma ba zan faɗa maka ƙarshensa ba. Mutum sama da miliyan 11 suka kalle shi a silima a Koriya ta Kudu.

Ka fara da Busan. Da yaren Koriya suke magana, sai ka bi fassarar da ke ƙasa, kuma ya fi World War Z nuna jini, don haka ka bari yara su yi barci. In ka gama ranka ya ɗan kwanta, sai ka kunna na Brad Pitt saboda katangar nan.