Makarin kunne mai batir: yadda na same shi a dazukan Bauchi

Mafarauci ba ya son a toshe masa kunne, kuma yana da hujja. A daji sau da yawa kunne ne ke riga ido gani. Motsin fakara a cikin busasshiyar ciyawa, kukan zabin daji daga ƙetaren rafi, takun abokin tafiya da ya ratse ta hagu ba tare da ya sanar ba, duk da kunne ake kama su. Shi ya sa shekara da shekaru muna harbi kunne a buɗe, in ya yi yawa mutum ya cusa auduga, wadda kusan ba ta tare komai. Wannan na'ura da zan yi magana a kanta ita ce abu na farko da na gani ya amsa wannan hujja tamu, kuma na yi amfani da ita tun daga hunturu har zafin bazara a gonaki da dazukan da ke wajen Toro da hanyar Ningi, da bindigata mai baki ɗaya wadda nake da lasisinta.

Siffarta kamar hedifon ɗin masu aikin rediyo: kofi biyu masu taushin baki da ke rufe kunne ruf, da maɗauri ta saman kai. A jikin kowane kofi akwai ƙaramin makirfo a waje da ƙaramar lasifika a ciki. Idan ka kunna, makirfon yana ɗauko sautin waje ya kawo maka cikin kunne, har ma ya ƙara masa ƙarfi gwargwadon yadda ka murɗa. Da zarar ƙara ta wuce iyaka, wato wajen desibel 82 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) kamar yadda takardar tawa ta nuna, sai ya daina turo ta, kofunan su tare abin da za su iya tarewa. Ƙananan batir biyu take ci, irin na rimot. Ƙanena ne ya yi mini odarta ta intanet, kuma ba ta da araha, wannan kam gaskiya ne.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne na fi ji da ita a kunne fiye da in babu ita. Ganyen da ke faɗowa, ƙwaron da ke tafiya a kan kara, numfashin karena a bayana. Da na harba kuwa, sai na ji wani "dum" mai nauyi, na ji bugun a kafaɗa, amma babu wannan tsiwar da ke shiga kunne ta zauna har dare. Nan take kuma sautin daji ya dawo, na ji inda tsuntsun ya faɗi. Duk wanda ya taɓa neman fakara a cikin ciyawa bayan ya harba kunnensa na ƙugi, ya san darajar wannan. Haka kuma tana nuna ɓangaren da sauti ya fito, dama ko hagu, saboda makirfon biyu ne. Gaba da baya ne take ɗan rikita ni wani lokaci, sai na juya kai kafin in tabbatar.

Kafin in je ga aibobinta, bari in tsaya a kan dalilin da ya sa na damu da ita haka. A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani sashe mai siffar katantanwa da ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gashi wajen 16,000. Su ne ke mayar da girgizar sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke fahimta. Ƙara mai tsanani tana karya su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa, babu allura, babu jiƙo. Masana lafiyar wurin aiki sun sa iyakar desibel 85 ga wanda zai wuni awa 8 cikin hayaniya, sun kuma sa 140 a matsayin iyakar ƙara ta farat ɗaya. Bindigar farauta irin tamu tana kaiwa tsakanin 150 da 160. Kada a raina wannan tazara: ƙarin desibel 10 na nufin ƙarfin sautin ya ninka sau goma. Harbi ɗaya na iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Sautin da ke fara tafiya kuwa shi ne siriri: muryar yara, muryar mata, ƙarar busasshen ganye, wato ainihin abin da mafarauci ke taƙama da shi. Kuma mai harbi da dama, kunnensa na hagu ne ke fara lalacewa, domin idan ya kwantar da kumatu a kan ƙota, kansa yana kāre na dama, na hagu kuma yana fuskantar bakin bindiga. Ku lura da dattawan mafarauta a majalisa, za ku ga da yawa suna juyo muku da kunnen dama in kuna magana. Muna cewa tsufa ne. Wani na tsufa ne, amma mai yawa na albarushi ne.

Na ba wani dattijo da na taso a hannunsa a wannan harka ya gwada. Da farko ƙi ya yi.

"Ɗana, wannan ai na matuƙan jirgi ne. Mu da muka yi harbi tun ba a haife ka ba, me ya same mu?"

Na ce, "Baba, ka dai sa, ka faɗa mini abin da ka ji."

Ya sa, na murɗa masa. Ya yi shiru yana kallon wata bishiyar kanya, can ya tambaye ni ko tsuntsayen nan dama suna kuka tun ɗazu. Na ce masa tun da muka zauna. Bai ƙara cewa komai a kai ba, amma bai yi saurin cire ta ba, ni kuma abin ya taɓa ni ƙwarai, don mutum ne da a da yake jin takun gada kafin kare ya ji.

Yanzu aibobi. Na farko zafi. A watan Maris da Afrilu, rana na tsakiya, kofunan nan suna tara gumi har ya riƙa gangarowa ta wuya. Dole ka riƙa cirewa kana gogewa, kuma in ba ka shanya ta ba bayan ka dawo, soson ciki yana wari. Na biyu iskar hunturu: tana bugun makirfon ta cika maka kunne da huu, sai ka rage murya, ka rasa rabin amfanin. Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, duk abin da ya shiga tsakanin kofi da fata yana buɗe wa ƙara hanya. Ƙafar tabarau, bakin hula, gefen rawani, har ƙotar bindiga in ta ture kofin dama lokacin saiti. Tawa siririya ce, duk da haka sai da na ɗan sauya yadda nake kwantar da kai. Wanda zai saya ya nemi mai siririn kofi, mai kaurin ba ta tafiya da doguwar bindiga. Batir kuwa yana jimawa, kuma tana kashe kanta in an manta. Ko batir ya mutu tana nan tana tare ƙara, jin waje ne kawai ke tafiya. A cire batir in za a ajiye ta damina guda, kada ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen ciki.

Akwai wata lamba a jikin kwalin da ake kira NRR, tawa 22 ce. Ita ce yawan desibel ɗin da aka auna tana ragewa a ɗakin gwaji, a kan kan da aka zauna aka daidaita mata. A daji, da gumi da hula, ba lallai ta kai haka ba. Ko da an yi lissafin a sauƙaƙe, 155 a cire 22 ya bar 133, ƙasa da iyaka amma ba da nisa ba. Saboda haka ga bindiga mai ƙara fiye da tawa, ita kaɗai ba ta isa.

Irin waɗannan na'urori suna da babbar kasuwa a Amurka, inda harbi wasa ne na miliyoyin mutane, kuma doka ta yarda mutum ya haɗa harsashinsa a gida. A can ne aka fito da libarba mai ƙarfi ta .357 Magnum a 1935, sannan .44 Magnum a 1955, wadda ta samo asali daga gwaje-gwajen Elmer Keith, wani makiyayi da ya zauna a jihar Idaho, mai ƙara wa harsashi ƙarfi da hannunsa. Shi kansa ya taɓa fasa libarba a hannunsa tun yana saurayi saboda wuce kima. Irin waɗannan bindigogi suna haura desibel 160, domin bututunsu gajere ne, kuma akwai 'yar tazara tsakanin gangar harsashi da bututu inda wuta da ƙara ke fita ta gefe, kusa da fuska. Masu harba su da suka san ciwon kansu kan haɗa kariya biyu: matoshin soso a cikin kunne, makari a sama. Haɗin ba ya ninka kariya, wajen desibel 5 yake ƙarawa a kan wanda ya fi ƙarfi a cikin biyun, amma a wannan mataki 5 ɗin ba ƙaramin abu ba ne.

Mu nan wannan ba hurumin farar hula ba ne. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, ta bar lasisin bindigar farauta a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, na adaka kuma a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Haɗa harsashi a gida ma ba abin da ta yarda da shi ba ne. Amma muna da namu masu ɗura wa bindiga da hannu, wato masu adaka da 'yan bindigar hawan Sallah. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da su a ƙofar fada ranar hawa ya san ƙarar har cikin ƙirji take shiga. Su ne suka fi kowa bukatar kariya biyun nan, domin suna harbi a jere, kafaɗa da kafaɗa, kuma akwai gasar wa ya fi ƙara, wadda ke sa wasu zuba albarushi da ido ba da ma'auni ba. Makarin kunne ba zai hana bututu fashewa ba. Kuma duk mai adaka ya sani, hodar da ke cikin harsashin kanti ba irin albarushinsa ba ce, ƙarfinta ya wuce abin da bututun maƙera zai ɗauka, kada a kuskura a haɗa su.

Shin zan ba da shawarar a saya? Ga mai fita daji a kai a kai, musamman masu tafiya rukuni ko 'yan sintirin da ke bukatar jin juna da dare, e, ba tare da wani kokwanto ba. Ga mai rawani ranar hawa, kofunan ba za su zauna daidai ba, matoshin soso ya fi masa. Wanda kuɗinsa bai kai ba shi ma ya nemi na soson a shagunan kayan aikin gini ko na magani, yana da araha sosai, kuma in an murza shi ya siranta, aka ja kunne sama aka tura shi ciki ya kumbura, yana tare ƙara fiye da makarin nawa ma, sai dai zai rage maka jin daji. Ni yanzu ina ajiye 'yan biyu-biyu a jakata saboda yaran da ke bin mu riƙon kaya, don su ne ke tsayawa daf da bakin bindiga ba tare da kowa ya tuna da su ba, kuma ba na yarda yaro ya biyo ni sai ya sa.