Gargaɗi ga masu neman kayan gyaran ƙaramar tarakta: akwai wani ɗan damfara da ke yawo a Facebook

Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ina jin nauyin rubuta wannan saboda kunya, amma shekaranjiya na ji an yi ma wani bawan Allah a Daura irin abin da aka yi mani, har ma nashi ya fi nawa muni, shi ya sa na ce bari in faɗa kowa ya ji.

Muna da wata tsohuwar ƙaramar tarakta ta yankan ciyawa da marigayi mahaifinmu ya saya a gwanjo tun muna yara, John Deere 212 ce, irin waɗanda aka ƙera a Amurka tsakanin 1975 zuwa 1987, injin Kohler gare ta mai silinda ɗaya, ƙarfin doki 12. A ƙarƙashinta akwai kwanon yankan ciyawa mai wuƙaƙe uku wanda bakanike ke ce ma dek. Da ita Baba ke share lambunmu na mangwaro da gwaba da ke hanyar Ajiwa, in damina ta yi nisa wajen watan Agusta ciyawa har gwiwa take kai wa, ga macizai, amma yini guda yake gamawa da ita. Tun da ya rasu take ajiye a rumfa kaji na ƙwai a kan kujerarta, ni kuma duk shekara sai na biya 'yan ƙwadago su bi lambun da lauje, kuɗin kuma kullum ƙaruwa yake, sai na ce to me zai hana in tada abar nan.

Na kira wani dattijon bakanike a nan cikin Katsina wanda ya yi shekaru yana gyaran injin ban ruwa da janareto, ya duba ya ce injin bai mutu ba, yana juyawa kuma akwai matsi, abin da ya lalace kafireto ne da tsohon fetur ya daskare a ciki, sai bel guda biyu da ɓera ya ci, sai boris na sandunan da wuƙaƙe ke juyawa a kai da suka kafe, wuƙaƙen kuma tsatsa ta cinye bakinsu. Ya ce mani ɗana ka bi a hankali mu fara da abin da za mu samu a gida. Ban ji ba. Na ɗau hotonta na sa a wani guruf na manoma a Facebook na tambaya ko akwai mai sayar da kayanta.

Ko awa biyu ba a yi ba wani ya shigo mani inbos. Hausarshi tas, sallama da addu'a ga mahaifina da komai, ya ce shi ɗan arewa ne amma a Legas yake zaune yana sauke kayan Beljiyam daga kwantena, kuma irin taraktar nan guda uku gare shi da aka farfasa ana sayar da kayansu. Ya turo hotuna, ga kafireto fes, ga wuƙaƙe sabbi a leda, ga wani bidiyo na sito cike da koren ƙarfe. Muka koma WhatsApp. Kullum Alhaji ranka ya daɗe, ni da ko Jidda ban taɓa takawa ba. Duk abin da na ambata sai ya ce akwai. Ya yi mani jimla naira dubu 140, ya ce in ba da rabi in kaya sun iso in cika, ya rantse ya ce shi ba ya cin haƙƙin maraya. Wannan maganar ce ta kashe mani jiki wallahi. Na tura dubu 70.

Sunan da ya fito a akawun ba shi ne sunan da ke Facebook ɗinshi ba, na tambaya ya ce na yaron shagonshi ne. Na wuce wannan ma.

Bayan kwana biyu ya ce an kai kaya tasha, kuɗin wayabil dubu 15, ya turo hoton kwali da sunana a jiki da maka. Na tura. Kwana uku wani ya kira ni da wata lamba daban ya ce shi ne direba, wai 'yan kwastan sun tare su a hanya sun sauke kwalina saboda kayan waje ne, sai an ba da dubu 25 za su sake shi, in kuma na yi jinkiri za a wuce da shi ofis. Ga ƙarar motoci a bayanshi ga wani yana ta faɗa kamar da gaske. Na tura wannan ma, sai daga baya nake tunanin wai wane kwastan ne zai bar tirela guda ya kama kwalin da bai kai buhun siminti nauyi ba. Dubu 110 ke nan sun fita. Washegari kuma ogan ya dawo ya ce in cika sauran dubu 70 tunda kaya sun kusa, direba ba zai sauke ba sai ya ga alat.

A nan ne na je na faɗa ma bakaniken nan komai, kaina a ƙasa. Bai yi mani faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi, ya ce tunda kuka fara magana ya taɓa tambayarka lambar injin? Na ce a'a. Ya ja ni wajen taraktar ya goge wani ɗan faranti da ke jikin murfin injin, ga K301 a rubuce da wasu lambobi a ƙasa. Ya ce duk mai sayar da kayan inji na gaskiya wannan zai fara nema kafin ya faɗi kuɗi, don kafireto a ido kamar ɗaya suke amma ba lallai na wani injin ya zauna ma wani ba, haka dek ɗin ma akwai mai faɗin inci 38 akwai mai 46 kuma tsawon wuƙa da na bel ya bambanta, to wanda bai san wanne gare ka ba me ya zuba maka a kwali? Sai ya ce in rubuta ma mai kayan in ce na manta, lagireton taraktar ma ya fashe, ko yana da shi. Na rubuta. Minti biyar bai cika ba ya amso, akwai Alhaji, orijinal, dubu 45, har da hoto. Jama'a injin nan iska ke sanyaya shi kamar na babur, ba ya shan ruwa, babu lagireto a jikinshi tun daga kamfani. Dattijon nan dariya ya yi har da riƙe ciki, ni kuwa zufa ce ta keto mani.

Na kira mai kayan bidiyo na ce ya nuna mani siton ya ɗaga wuƙa ɗaya a hannunshi, ya ce netwok. Na ce ya rubuta sunana da kwanan wata a takarda ya aza kan kafireton ya ɗauka, ya ce ai kaya suna hanya, na ce to sauran taraktoci biyun fa. Daga nan shiru, da yamma ya yi bulokin ɗina, lambar direba a kashe. Ƙanena ya sa hotunan a Google ya nemo asalinsu, duk daga shafukan 'yan gwanjon Amurka aka kwaso su, a ɗaya ma in ka lura da kyau akwai dusar ƙanƙara a bakin ƙofar siton, wai a Legas.

Mutumin Daura shi ya cika kuɗin duka, kuma shi kwali ya iso mashi a tasha. Da ya buɗe sai kafireton ƙaramin janareto, da tsohon fanbel na mota, da guntayen sifirin guda uku a naɗe cikin jarida. Sunan Facebook ɗin daban ne da wanda ya yi mani amfani da shi, amma hotunan su ne, lafazin ma shi ne har da maganar haƙƙin maraya. Don haka kar ku tsaya neman suna, yana canzawa, salon za ku riƙe: shi ke fara zuwa inbos bayan ka yi tambaya a guruf, komai akwai, akawun da sunan wani, sai wayabil, sai kwastan.

Na je banki na kai ƙorafi, na kuma kai rahoto wajen 'yan sanda da rasit ɗin tiransifa uku da hotunan hirarmu, ana kan bi.

Abin haushin, yawancin kayan ashe suna kusa. Kafireton bakanike ya kwance ya jiƙa ya wanke ya busa, ya yanka sabon gasket, ya goge kwantak ya sa sabon fulogi da batir da baƙin mai, ta tashi a bugu na huɗu, hayaƙi ya cika gida yara na ihu. Boris kuwa lamba ce a jikinsu, ya ciro su muka tura Ƙofar Ruwa a Kano aka kawo irinsu. Bel ya zagaya igiya a kan fuli ya auna tsawo da faɗi, muka samu wajen masu kayan injin niƙa, ya ce ba zai yi ƙarko kamar nata na asali ba amma zai fitar da mu daminar bana. Wuƙaƙen ne kawai suka rage. Wani ya ce in kai ma maƙera su buga mani daga sifirin, dattijon ya hana, ya ce abin da ke juyawa da wannan gudun in gefe ɗaya ya fi nauyi zai cinye boris cikin sati, in kuma ya tsage ya fita zai iya sare ƙafar mutum. Yanzu ya wasa tsofaffin ya rataya kowace a kan ƙusa ya ga ta daidaita, biyu sun yi, ta ukun ta yi siriri da yawa, ita muke nema.

Duk wanda mutumin nan ya taɓa a Katsina ko Daura ko Mashi ya yi mani magana ta inbos da rasit ɗinshi mu haɗa a kai tare, mu biyu ne zuwa yanzu.