Hattara da mai tallan "tsohuwar Gibson" da hoton sitika

Jama'a masu kaɗa jita, musamman ku da kuke sayen kaya ta waya, akwai wani da yake yawo a guruf-guruf na WhatsApp yana tallan jita wai tsofaffi ne 'yan asali daga Amurka, kwantena ta kusa sauka, a tura rabin kuɗi kafin ya ajiye maka. Yau wannan lambar gobe waccan, suna ma haka, amma salon nasa ɗaya ne. Zai turo maka hoton bayan fikof, wato maganaɗisun nan da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗauko sauti, da wata 'yar baƙar sitika mai rubutun Patent Applied For, wato an nemi rajistar ƙira, sai yace to ka gani da idonka, Les Paul ce ta 1959, wato wani samfurin jita na kamfanin Gibson.

Don Allah kar wanda ya tura ko sisi.

Eh ana gane shekarun jita ta fikof, ba ƙarya ba ne, amma fa fikof shi yafi komai saukin canzawa a jikin jita, kwance noti ne da ɗan ɗiga dalma, an gama. Ita kuwa sitikar ana sayar da ita a intanet da 'yan daloli, kowa ma zai iya mannawa ya goga mata datti tayi kamar ta tsufa.

Kuma mutumin ko ƙaryar bai iya shiryawa ba. Ya taɓa saka wata yace ta 1954 ce kuma wai da wannan fikof ɗin aka yi ta, alhali Seth Lover, injiniyan Gibson da ya ƙirƙiro wannan fikof mai naɗin waya biyu, sai 1955 ya nemi rajistar ƙirar, Gibson kuma bata fara saka shi a Les Paul ba sai 1957. Kafin nan yawanci fikof ɗin P-90 ne mai naɗi ɗaya, wanda ya fito tun 1946. Wajen 1962 aka fara sauya sitikar zuwa mai lamba 2,737,842, abin dariya ma lambar ba ta fikof ɗin bace, ta wani ƙarfen riƙe tsirkiya ce, amma haka kamfanin ya dinga mannawa. Daga baya a ƙarshen shekarun 1960 sai masu alamar T a saman robar fikof ɗin suka shigo. To in ka ga T kuma ana ce maka 1959, ka san an raina maka hankali.

Haka mutumin ya yi da Stratocaster, jitar kamfanin Fender, wai ta 1962, amma kawunan maganaɗisun duk tsayinsu ɗaya. Na wancan lokacin wani yafi wani tsayi, sai wajen 1974 Fender ta daidaita su. Gindin fikof ɗin ma baƙi ne a da, toka-toka sai wajen 1964 gab da kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965.

Ni abin da yafi bani haushi shi ne farashin. Les Paul ta 1958 zuwa 1960 mai launin nan na ja da ɗorawa duka-duka basu kai 2,000 da aka ƙera ba, ana sayar da guda a kan ɗaruruwan dubban daloli, shine wani zai baka a kuɗin mashin na hannu wai yana da matsalar kuɗin kwastan? Araha fa bata ado.

In har kana son tsohuwar jita da gaske, kace ya buɗe bayanta a bidiyo kana kallo kai tsaye, ya nuna maka lambar da ke jikin abin murɗa ƙara. Lambobi ukun farko na kamfanin da ya ƙera shi ne, 137 na CTS ne, 134 Centralab, 304 Stackpole, lambobin da ke biye su ne shekara da mako. In Fender ce a kwance wuyan jitar, akwai kwanan wata a gindinsa, da fensir a da, hatimi daga 1962. A duba dalmar ko sabuwa ce mai sheƙi. Sai duk sun tafi tare sannan a fara maganar kuɗi, kuma kaya a hannu kuɗi a hannu.

Shi wannan da zarar ka nemi bidiyo sai yace netwok ba kyau, anjima ya toshe ka. Ku tura wa 'yan band ɗinku da masu kiɗan coci da na biki, su yafi nema.