Eskabeta daga Japan ko daga Chaina? Ga abin da na gani da kuɗina

Alhaji, ka tambaye ni wace tsohuwar eskabeta za ka saya: ta Japan za ka ɗauko. Tsakanin eskabeta mai tan 20 da aka fitar daga gwanjon Japan da wadda dillalan Chaina ke turo maka hotonta ta WhatsApp, ban ga abin dogon tunani ba, don duka biyun na taɓa zuba musu kuɗi.

Tawa Komatsu PC200-7 ce. Ranar da aka sauke ta a filinmu da ke hanyar Haɗeja, gabana ya faɗi. Fenti ya koɗe, kujerar direba ta yage a gefe, haƙoran bokiti biyu sun cinye. Bakanikena, wani dattijo da ya yi furfura a gyaran katafila, bai ce uffan ba. Ya zaro sandar awon mai ya murza a yatsa, ya sa aka tayar da inji tun yana sanyi yana kallon hayaƙi. Ya kafa bokiti a ƙasa har gefe ɗaya ya ɗaga, ya juya sarƙa yana kasa kunne. Daga nan ya miƙe hannun eskabetar sama, ya kashe inji, muka koma inuwa aka haɗa mana shayi. Har muka shanye hannun nan bai sauko ko taƙi ɗaya ba. Sai ya ce, "Alhaji, tsohuwa ce, amma ba a yi mata kwalliyar ƙarya ba."

Tun daga lokacin tana ramin marmara wajen Gezawa tana loda tifa, damina ta kama a ɗauke ta haya aikin magudanar ruwa. Robobin silinda mun canja, tiyo-tiyo da rolar ƙasa ma haka, amma har yau ba a buɗe injin ba. Da ita na biya bashin da na ci na sayo ta, kuma gida uku ke ci daga jikinta.

Abin da ya raba ta Japan da ta Chaina ba ƙarfe ba ne kawai. A gwanjon Japan na ƙwarai za a ba ka takardar duba, da lambar jiki, da awannin aiki, da hoton duk inda mai ke tsatsa. Ba sa yi mata fenti don ta burge ka, saboda haka idonka yana ganin shekarunta. Idan agogo ya ce awa 7,000, za ka ga cinyewar feda da sandunan tuƙi sun yi daidai da hakan.

Amma ko a Japan ɗin kada sabunta ta ruɗe ka. Injin da ke cikin PC200-7 famfon mansa na gargajiya ne, bakanikenmu na Kano ya san shi ciki da bai. Daga PC200-8, wadda ta biyo bayanta, kwamfuta ce ke sarrafa feshin mai, nozul ɗinta kuma ba ya haƙuri da datti. Ka san irin gas ɗin da ake ɗurawa a wurin aiki: daga duro zuwa jarka, ga ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Na baya-bayan nan masu shan AdBlue, wato ruwan da ake zuba musu don tsaftace hayaƙi, kuwa, ka bar su inda suke, don da zarar na'urar tace hayaƙi ta toshe, eskabetar da kanta za ta rage ƙarfi, tifofi na jere ana jiranka. Tsohuwar ƙira, idan ta nemi filta ko tiyo, sai ka leƙa Ƙofar Ruwa, abin da babu a yi maka odarsa daga Legas.

Ta Chaina, a ba ta haƙƙinta: ta fi araha, tana zuwa tana sheƙi, kuma suna kwance ta su cusa a kwantena kuɗin jirgi ya ragu. Wadda na sayo agogonta bai kai awa 3,000 ba, amma ba ta ga ƙarshen damina ba famfon haidirolik ya mutu, muka kankare fenti muka tarar da walda a gindin hannu. Na sayar da ita da asara. Sabuwa fil ta SANY ko XCMG mai garanti, wannan wata magana ce daban. Tsohuwa daga Chaina dai, idan ba ka da mutuminka da zai je ya tsaya a kanta, kada ka taɓa.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka, don 'yan damfara sun fi yawa a wannan harka fiye da masu kayan. Akwai masu buɗe shafi da sunan kamfanin Japan, su kwaso hotunan wasu. Duk wanda ya ba ka asusun banki da sunan mutum, ko asusu a wata ƙasa daban da inda injin yake, ko ya aiko saƙo ana gobe biya cewa an canja asusu, ka tsaya cak. Ka nemi kiran bidiyo kai tsaye: a nuna maka lambar da aka buga a jikin ƙarfe, ba ta faranti kaɗai ba, don faranti ana cire shi. A taɓa inji ka ga da sanyinsa kafin a tayar. Su ma namu 'yan tsakiya da ke cewa "ina da mutum a can, kawo kafin alƙalami", ka rubuta komai gaban shaidu.

Sai lissafi. Farashin gwanjo ba shi ne farashinta ba. Faɗinta ya kai mita 2.8, kwantena kuwa cikinta bai kai mita 2.4 ba, don haka idan ba kwance ta za a yi ba, jirgin da ake tuƙa kaya a shiga da su za ka nema. Ka buɗe Form M, wato takardar neman izinin shigo da kaya, a bankinka kafin ta bar can, ejan ya karɓo PAAR, wato rahoton ƙimar kaya da kwastam ke bayarwa, tun tana kan ruwa. Ejan da ya ce zai rage maka ƙima a takarda don kwastam su sassauta, shi zai sa ta kwanta a tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke Legas, kuɗin jinkiri na hawa kullum. Ga kuɗin tirelar ɗaukar katafila daga Legas zuwa Kano, kusan kilomita 1,000. Bayan duk wannan ka ware na sarƙa da rola, don ƙafar eskabeta ita ce ke cin kuɗi.

Ka nemi PC200-7, ko Caterpillar 320C idan ka samu mai takardu. Kafin ka tura ko sisi, ka zo Gezawa ranar Asabar da bakanikenka, ya hau tawa ya ji yadda lafiyayyiya take amsawa, sannan mu zauna mu duba takardun da aka turo maka tare.