Sukurun kayan ɗaki ya yi tsawo: me za ka saya kafin ka huda katakon?

Kayan ɗakin da ke zuwa cikin kwali daga China ko Turkiyya, gado da wadirof da madubi, yawancinsu ba katakon ice ba ne. MDF ne, wato allon laushin zaren katako da aka matse, ko kuma garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe shi da fata mai sheƙi. Kaurinsa milimita 15 ne, ko 16, ko 18. Idan tsinin sukuru ya wuce wannan kauri ko da milimita 1 ne, fatar waje za ta kumbura ta tsage, kuma babu kafintan da zai mayar da ita yadda take.

Na ga wannan da idona ranar jeren 'yar yayata. Muna haɗa teburin madubi, mata na jira a tsakar gida da labulaye da kwanuka. Yaron da ke taya ni ya ɗaura sukuru daga ƙasa, sai na ji ƙas. Na shafa saman teburin, ga ɗan tudu kamar ƙurji, tsinin ƙarfe ya leƙo ta tsakiyar farin fenti. Yayata ta shigo ta daɗe tana kallon wurin, ta ce, "Ƙanena, yanzu haka za a kawo ta ta tarar?" Ƙyallen ado aka shimfiɗa a kai, har yau yana nan. Tun daga ranar ba na ɗaura sukuru sai na kara shi a gefen katakon na ga inda tsininsa zai tsaya.

Kafin ka kashe ko sisi, zazzage ledar sukurun da ta zo da kayan a kan tire ka ware su tsawo-tsawo. Sau da yawa sukurun ba shi da laifi, na wani wuri ne aka ɗauko. Takardar haɗawa kan zana kowanne da lambarsa, wasu ma daidai girmansa, sai ka ɗora shi kan zanen. Idan ka tabbatar kamfanin ne ya zubo dogo, to ga abin da ke gabanka.

Ni zaɓina ɗaya ne: ka ajiye dogon, ka sayi gajere daidai wurin. Ba ka yanka komai ba, tsinin yana nan, tiredin, wato murɗin jikinsa, yana nan, kan bai ci rauni ba. A Kofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano, Panteka a Kaduna, Dei-Dei a Abuja, ko kasuwar Katako a Yamai, masu kayan kafintoci na sayar da su a kwali ko a ƙirge. Lambobi biyu ne a jikin kwalin, misali 4x16. Ta farko kauri, ta biyu tsawo, duka a milimita.

Lissafin ba wuya. Hinji da layin durowa da ƙaramin ƙarfen kusurwa a kan katako mai 18, sukuru mai 16 ya ishe su. Idan katakon mai 15 ne, sauko zuwa 12 ko 13. Haɗa katako biyu masu 18 fuska da fuska, kaurinsu ya zama 36, sai ka sa mai 30. Mutane na ganin mai 35 zai shiga tunda bai kai 36 ba, su manta cewa kan sukuru na nutsewa cikin wannan katako mai taushi, musamman da injin batir. Shi ne ya huda mana teburi. Biyu masu 16 kuwa 32 ke nan, mai 25 ya fi kwanciyar hankali. A kula da yadda ake awo: sukuru mai shafaffen kai da ke nutsewa, tsawonsa har da kan ake aunawa, mai kai kamar kwano kuwa daga ƙarƙashin kan ake farawa. Saboda haka biyu masu lamba ɗaya ba lallai su shiga zurfi ɗaya ba.

Da mai 13, da 16, da 25, da 30 a gwangwani huɗu, da wuya kayan kwali su gagare ka.

Mariƙin ƙofa da na durowa nasu daban ne. Sukurunsu ba shi da tsini, M4 ake kiransa, yana ratsa katako ya shiga cikin mariƙin. Idan ya yi tsawo ba ya huda komai, sai dai ya tokare a ƙarshen rami, mariƙin ya yi ta girgiɗi. Ga ƙofa mai 18, mai 22 ko 25 ne daidai. Akwai kuma wani M4 mai gaɓa-gaɓa kamar rake, yawanci milimita 45, da ake karyawa da filaya a gaɓar da ake so. Wannan na yarda da shi, don durowa mai fuska biyu ma yana yi mata. Riƙe ɓangaren da za ka yi amfani da shi kusa da gaɓar, ka lanƙwasa ragowar.

Washa fa, ɗan zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin kan sukuru don ya rage tsawon da zai shiga? Ta M4 kaurinta milimita 0.8 ne, sai ka jera shida kafin ka cinye kusan milimita 5. A cikin durowa inda ido ba ya kaiwa, biyu ko uku ba laifi. Fiye da haka kwashe-kwashe ne.

Yanka da zarton ƙarfe yana yi wa M4 kaɗai, shi ma sai ka fara ɗaura noti, ka yanka, ka goge bakin da magagari, sannan ka kwance notin ya gyara tiredin. Sukurun katako idan ka yanke tsininsa ka kashe shi. Injin yankan ƙarfe kuwa kada ma a kawo shi ɗakin amarya, tartsatsinsa na ƙona fenti.

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni, don a nan ake cutar mutane. Ka je da sukurun asali a aljihu, da ɗan tef na awo. Kada ka yarda da lambar da ke jikin kwali, na taɓa sayen wanda aka rubuta 16 na dawo gida na tarar da masu 19 a gauraye ciki. A buɗe a gabanka, ka ɗebo daga ƙasa ka auna uku ko huɗu.

Za a miƙo maka baƙin sukurun nan na silin, a ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. An yi shi don allon jifsam, ƙarfensa ya sha wuta ya yi tauri, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Idan kansa ya ɓalle cikin gefen wadirof, fitar da guntun sai an ɓarke katakon. Akwai kuma kishiyarsa, mai ruwan zinare mai ƙyalli da taushi kamar dalma: juyi uku, gicciyen kan ya cinye, sukurudireba ta yi ta zamewa. Gwajinsa a shagon ne. Ka nemi guntun katako mai tauri ka ɗaura ɗaya har ƙarshe ka kwance. Mai kayan kirki ba ya hana wannan.

Duba kan ma. Mai gicciye kawai shi ne Phillips, mai gicciye da ƙananan layuka huɗu a tsakani shi ne Pozidriv, kuma shi ya fi yawa a kayan Turai. Kowanne da bakin sukurudirebarsa, PH2 da PZ2. Idan ka sa na wannan a kan wancan, ko sukuru mai kyau sai ya cinye, ka zargi mai shago a banza.

Na mariƙi kuma, ka tafi da mariƙin kansa. Akwai sukurun awon Amurka, 8-32, wanda a ido ba ka raba shi da M4, amma tiredinsu ba ɗaya ba. Yakan shiga juyi biyu ya cije. Mai shago zai ce, "Alhaji, ƙara matsawa, sabo ne shi ya sa." Kada ka matsa. Ramin mariƙin ƙarfe ne mai taushi, da zarar tiredinsa ya cinye sai sabon mariƙi, kuma da wuya ka samu irinsa ɗaya tak a kasuwa. Wanda ya dace da yatsu biyu yake shiga har ƙarshe, ba tare da sukurudireba ba.