Man moabi daga kurmin Gabas: ya ci kuɗinsa, in an iya zaɓe

Mai sayen man kaɗe a Garwa ko Marwa, idan aka miƙa masa man moabi, zai ce ai ɗan'uwansa ne. Bai yi kuskure ba, domin kaɗanya da moabi dangi ɗaya ne a itatuwa. Bambancin shi ne moabi ɗan kurmi ne, yakan kai mita 60, ana samunsa a jihar Gabas ta Kamaru wajen Lomiye da kewayen dajin Dja, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 1987. Matan ƙabilar Baka mazauna kurmi da maƙwabtansu manoma ne ke tsintar 'ya'yan, su fitar da man, ya biyo hanyar Abong-Mbang da Bertuwa da Maiganga ya iso Ngaundere.

Man kansa mai kyau ne. Launinsa ruwan ɗorawa ne mai haske, yana narkewa a tafin hannu ba sai an murza da ƙarfi ba, kuma fata na shanye shi. Ga faso da kaushin hunturu yana aiki kamar man kaɗe mai kyau. Can inda ake yinsa miya ake yi da shi, ana kuma shafawa a gashi da gaɓoɓi masu ciwo. Kada a tsorata idan ya zama ruwa a zafin Garwa na watan Afrilu, ya kuma daskare a sanyin Ngaundere. Halinsa ke nan.

Inda ake samun matsala shi ne wajen shanya. 'Ya'yan na faɗowa tsakanin Yuni da Agusta, ana sha ko a cire naman, a fitar da ƙwallo ɗaya ko biyu, a busar, a fasa ɓawon, a daka ƙwayar, a dumama a matse. To kurmi ba ya rasa laima, rana kuma ba ta isa kamar tamu ta Arewa. Ƙwayar da ba ta bushe ba takan yi fumfuna, man ya fito da duhu da ɗaci. Wadda aka busar a kan hayaƙi kuma takan kawo ƙauri. Ƙauri kaɗan ba aibu ba ne ga man shafawa, amma yana ɓata miya. Abu na uku ruwa ne: in ba a bar man a wuta har ruwan ya ƙone ba, ba ya daɗewa zai fara wari. A narka cokali ɗaya a busasshen kasko. In ya yi ta fashe-fashe yana tsartuwa, akwai ruwa, a bar musu kayansu. A kuma ɗaga kwalbar a duba gindinta. Baƙin gari ya kwanta a ƙasa alama ce ba a tace da kyau ba, kuma wannan ba abin wasa ba ne, domin tunkuzar moabi ba irin ta gyaɗa ba ce da ake ƙuli-ƙuli. Guba ce, har kifi ake kashewa da ita a rafi. Kada a ci, kada a ba dabba.

Ya fi man kaɗe tsada, kuma ba kullum ake samunsa ba. Itacen yakan yi 'ya'ya da yawa ne kamar sau ɗaya a shekara 3. Saboda haka wanda ke da shi tuli kowane wata, ga araha, a yi masa tambaya da kyau, don ana iya haɗa shi da wani mai.

Abin da ya sa muke ganin ya cancanci kuɗinsa ya wuce fata. Moabi ba ya fara fure sai ya shekara 50 zuwa 70, ba ya zama mai 'ya'ya sosai sai wajen shekara 90 zuwa 100. Dokar Kamaru ta yarda a sare shi idan kaurin gindinsa ya kai santimita 100, wato lokacin da yake tsakiyar ciyar da mutane, kuma kamfanonin katako na sonsa ƙwarai. Giwar kurmi da ke haɗiye ƙwallon ta kai shi nesa a kashinta ita ma tana raguwa. Zarto zai kayar da shi cikin yini guda, kuma wanda ya dasa madadinsa ba zai ga man ba, sai jikokinsa. Ƙauyen da ke samun kuɗi daga man yana da hujjar tsayawa a kan itacensa, musamman inda suke da dajin al'umma, wanda dokar gandun daji ta 1994 ta ba da damar kafa shi.

Sai dai ba kowace kwalba ce ke kai kuɗin hannun matan ba. Dillalai kan karɓi kayan Baka a kan bashi, ko musaya da gishiri da sabulu, har da giya, a farashin da bai kai wahalar ba. Don haka a tambayi mai sayarwa daga wane ƙauye ya fito, wace ƙungiya ta matse shi, kuma a hannu aka biya ko kuwa. Ƙungiya mai rajista takan rubuta ƙauye da watan matsewa a jikin kwalbar. A tambaya kuma ko ana ware wani abu don takardar haihuwar yara. Yaran Baka da yawa ba su da ita, in babu ita kuwa ba a zana jarrabawar gama firamare, kuma in wa'adin rajista ya wuce sai an bi ta kotu, da kuɗin mota da na takardu.

Wanda ya saya ya juye shi a kwalbar gilas mai murfi, ya ajiye a inuwa kusa da randa, ya riƙa ɗiba da busasshen cokali. Rabin lita ya ishi gida guda shafawar hunturu ɗaya.